Rangwamen Dubai Bai Kai Yadda Ake Zuzuta Shi Ba

Na yi sayayyar sutura a Dubai lokacin bikin rangwamensu, wanda suka fara tun 1996, ake yinsa daga Disamba zuwa Janairu. Ina so 'yan'uwa mata masu tara kuɗi saboda wannan tafiya su ji ra'ayina kafin su yanki tikiti.

Rangwamen manyan kantuna irin na Dubai Mall ba ƙarya ba ne, sai dai farashin da ake zaftarewa dama can a sama yake. Kuma abin da aka fi karyarwa kayan sanyi ne, masu kaurin da ko a tsakiyar hunturun Kano sun yi yawa.

Inda na ji daɗi shi ne kasuwar Naif da ke Deira. Can ba ruwansu da allon rangwame, ciniki ake yi baki da baki kamar a Kantin Kwari. Abayar yadin nida mai laushi, wadda ba ta riƙe zafi, na same ta da rahusar da ban gani ba a shagunan da ke kewaye da Harami a Madina. Kwatancen ma ba wuya, tunda dala ɗaya dirhami 3.67 ce, riyal kuma 3.75, kusan kai ɗaya ke nan. Harajin saye a Saudiyya kashi 15 cikin ɗari ne tun 2020, na Dubai kashi 5. Ga kuma kuɗin hayar shago a bakin Harami, wanda mai saye ne ke biyansa a ƙarshe. Wani daɗin Naif, in abaya ta yi miki tsawo, akwai teloli a kusa da za su rage miki kafin ki gama zagaye.

Kayan yara kuwa, Istanbul ta yi wa Dubai nisa. Turkiyya ita ke ɗinka abinta, audugarsu tana jure wanki. A unguwannin Laleli da Merter na Istanbul sari ake yi, wato ki ɗauki samfuri ɗaya a duk girmansa, kuma da yawansu da dala suke faɗin kuɗi saboda yadda lira ke faɗuwa. Mai sayen na 'ya'yanta kawai gara ta shiga kanti irin LC Waikiki a ƙarshen kakar zafi, lokacin da suke neman rabuwa da kaya marasa nauyi, waɗanda su ne daidai da yanayinmu.

Batun mayar da haraji a filin jirgin Dubai yana aiki, na karɓa. Sai kin kashe aƙalla dirhami 250 a shagon da ke cikin tsarin, kin nuna fasfo tun wajen biya, sannan a tantance kafin ki miƙa jakunkuna. Abin da ke dawowa kaɗan ne, kuma ƙananan shagunan da na yi ciniki a Naif ba sa cikin tsarin.

Abin da ya fi cin kuɗi shi ne awo. Jaka kilo 23 ba ta da wuyar cika da abaya, musamman masu duwatsu, kuma kuɗin ƙarin kilo yana iya cinye duk rangwamen. Shi ya sa yanzu nake fara tambayar farashi a Kwari kafin in tashi, in mayar da shi dala in rubuta a waya. Gyale da ƙananan mayafai ma na daina ɗaukowa, don 'yan Kwari suna shigo da su da yawa, bambancin bai taka kara ya karya ba.