Eyam, Bibury ko Bourton: wane ƙauyen Ingila za ka kama gida ka huta?

Duk lokacin da hutu ya ƙarato, ɗalibanmu da masu iyali da ke zaune a Ingila sukan tambaye ni ƙauyen da ya dace a kama gida na kwana biyu ko uku a sha iska. Amsata ɗaya ce kullum: Eyam, da ke Derbyshire. Mutanen garin "Iim" suke cewa, kada ka je ka ba da kanka a gaban direban bas.

Mutanen Eyam ba su wuce dubu ɗaya ba, amma tarihinsu ya fi na wasu biranen nauyi. A shekarar 1665 aka kawo wa wani tela ƙunshin yadi daga Landan, ashe da ƙuma a ciki masu ɗauke da annoba. Mataimakin telan, George Viccars, shi ne ya fara rasuwa, a watan Satumba. Da abin ya ci tura, limamin cocin garin, William Mompesson, tare da tsohon limamin cocin, Thomas Stanley, suka shawo kan jama'a su killace kansu, ba shiga ba fita, don kada cutar ta tsallaka garuruwan maƙwabta. Cikin wata 14 aka rasa mutum kusan 260. Wata mata, Elizabeth Hancock, ita kaɗai ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas. Har yau za ka ga dutsen kan iyaka mai ramuka, inda suke jefa kuɗi cikin ruwan khal, maƙwabta su ajiye musu abinci su koma. Akwai ƙaramin gidan tarihi, akwai shago, wurin shan shayi da makarantar firamare, kuma ranar Lahadin ƙarshe ta watan Agusta ake taruwa a fili a tuna da waɗanda suka rasu. Abin da ya ƙara min sonsa shi ne bas daga Sheffield, tafiyar ƙasa da awa ɗaya. A Sheffield za ka yi Juma'a, ka sayo naman halal, ka dawo.

Bibury da ke Gloucestershire fa? Jerin gidajen Arlington Row, da aka fara ginawa wajen 1380 don ajiye ulu, suna da kyau a hoto, amma minti ashirin ka gama, sauran duk turereniya ce da masu yawon buɗe ido. Bourton-on-the-Water kuma, da rani bakin kogin Windrush kamar ranar kasuwa. Dukansu biyu ba tashar jirgin ƙasa, sai mota ko bas.

Yanzu ga inda aka cuce ni. Na taɓa ganin tallan wani gidan dutse a Facebook, kuɗinsa rabin na sauran. Mai tallan ya ce wasu na jira, in tura kafin alƙalami ta banki a daren. Na tura. Muka isa da iyali da kaya niƙi-niƙi, matar gidan ta buɗe ƙofa tana kallonmu, ba ta taɓa ba da hayar gidanta ba. An dai kwafi hotunan ne daga wani tsohon talla. Araha ba ta ado, Wallahi.

Saboda haka kafin ka fitar da ko sisi, ka nemi cikakken adireshi da lambar unguwa, ka duba a taswirar Google ko ginin ya yi daidai da hoton. Wanda ya ce ku bar shafin kamfanin haya ku koma WhatsApp don ya rage maka, rabu da shi. Wanda ke azalzalarka, shi ma haka. Ka kula da sunan shafin harafi bayan harafi, domin 'yan damfara kan buɗe na bogi mai kama da na gaske. Ka biya da katin bashi, don dokar Birtaniya ta ɗora wa bankin alhaki tare da mai sayarwa idan cinikin ya haura fam 100. Sannan ka duba jadawalin bas na ranar Lahadi tun kafin ka biya, domin a ƙauyuka da yawa ranar ba ta da mota ko ɗaya.