Tudu ko fadama, gado ko saye: kafin ka biya kuɗin gona a ƙauye

Da rani duk gonaki kamarsu ɗaya: ƙasa a bushe, hanya sumul. Shi ya sa dillali ya fi son kai mai saye a watan Maris. In za ka iya haƙuri, jira Agusta, lokacin da damina ta kankama. A nan za ka ga inda ruwa ke kwanciya, inda kwazazzabo ya fara cin gefe, da ko hanyar da motarka ta bi ta koma sai amalanke.

Gonar tudu ta fi sauƙin kuɗi. Jigawa mai yashi tana karɓar gero, gyaɗa, wake da riɗi, sai dai noma sau ɗaya ne a shekara, kuma tana cin taki. Leƙa dawar maƙwabta. In ciyawar wuta-wuta ta yi musu kaka-gida, ƙasar ta gaji. Faƙo kuwa, ko kyauta aka ba ka, yi tunani. Fadama tana da tsada, amma shinkafa da damina, albasa, tumatir ko alkama da rani, suna mayar da kuɗi da wuri, musamman irin yankin Kura da Kadawa da ke shan ruwan madatsar Tiga. Aibinta ambaliya. A kwarin Hadeja, ruwan 2022 ya shanye gonaki masu yawa, ga ciyawar kacalla da ke toshe magudanai. Tambayi dattawan gari iyakar inda ruwa ya kai a shekarar da ya fi ɓarna. Ga wanda zai zauna a birni ya riƙa aiko kuɗi, ni tudu nake zaɓar masa, don noman rani ba ya son mai gona na nesa.

Sai batun daga hannun wa za ka saya, kuma nan ne aka fi kuka. Gonar gado takan zo da araha domin magada na sauri. Amma an raba gadon? Yayan da ya kawo ka yana iya rantsuwa cewa kowa ya yarda, alhali akwai ƙanwa da ke aure a wani gari, ba ta ma ji labari ba, kuma rabonta yana nan a shari'a. Kada ka biya sai kowane magaji ya sa hannu, ko ka ga takardar rabon gado daga kotu. Gonar da mai ita ya saya da kuɗinsa ta fi tsada, amma ta fi kwanciyar hankali. Duk da haka bincika ko tana jingina ko aro a hannun wani, domin mai nomanta yau ba lalle shi ne mai ita ba.

Taka iyaka da ƙafarka tare da maƙwabta huɗu da mai unguwa. Tambayi mai ɗorawa da kukar da ke ciki, don a wasu garuruwan akan sayar da gona a bar itace. In shanu sun yi turba a gefe, wataƙila burtali aka cinye, kuma makiyaya ba sa mance hanyarsu.

Takardar dagaci shaidar ciniki ce kawai. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a karkara, har hekta 500 don noma. Wadda banki zai karɓa ita ce ta gwamna, kuma ta fi cin lokaci da kuɗi. Kafin ciniki, je ofishin filaye, KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna, a duba ko wurin bai faɗa gandun daji ko filin da gwamnati ta keɓe ba. Ka kuma kawo safiyo ya auna: hekta ɗaya kusan eka biyu da rabi ce, eka ta dillali kuwa da ido ake yanka ta.