Tokin, layi na daban ko akawun biyu: wanne zaka kashe wa kuɗi kafin a yashe ka?

Tun da 'yan damfara suka yashe akawun ɗin Yayana mutane ke tsare ni da tambaya, wai in sayi tokin ne, abin nan mai fitar da lambar sirri ta tura kuɗi, ko in canza banki, toh bari in faɗi abin da na gani da idona, ni ba ma'aikacin banki bane, kayan waya nake sayarwa a wajen Terminus a Jos, amma zirga-zirgar da muka sha ta koya min karatu.

Yaya dillalin dankalin Turawa ne a Farin Gada. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci saƙo ya shigo masa wai za a rufe akawun ɗinsa saboda BVN bai yi daidai da NIN ba, ga linki ya danna ya gyara. Shafin da ya buɗe sak na bankinsa, kala da tambari da komai, ya saka sunan shiga da fasiwod, aka ce masa an gode. Ko minti goma ba a yi ba wata ta kira shi da Turanci mai daɗi, ta kira cikakken sunansa, tace yallaɓai mun tura maka lamba shida karanto min in ƙarasa gyaran. Ya karanta. Yana tsaye ana loda buhuna a mota alat ya fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, kuɗin manoman Bokkos ne da ya karɓi kayansu bashi. Da ya kira ni muryarsa na rawa, cewa kawai yake "ƙanena sun gama dani". Nace Yaya kar ka sake ɗaga wayar kowa, gani nan. Kafin in samu keke in iso, saura abin da ko kuɗin mota bai kai ba.

Kaga dai ba wani fasa banki aka yi ba. Makulli biyu ne, fasiwod da lambar OTP, wato lamba shidan da aka turo masa, duka shi ya miƙa da hannunsa. Saboda haka duk abin da zaka saya ka tambayi kanka, in ɓarawo ya samu fasiwod ɗina, me ya rage tsakaninsa da kuɗina, kuma wannan abin a ina yake kwana?

Wanda kusan kowa yake kai shine OTP ta tes. Ba ka sayi komai ba, yana aiki ko a ƙaramar waya mai tocila, shi yasa dattawa suka fi sonsa. Matsalarsa ɗaya ce amma babba, duk wanda ya riƙe layinka ya zama kai. A fizge maka waya a cunkoso, a cire sim a saka a wata wayar, a danna *565*0# BVN ɗinka ya fito, daga nan su fara gwada lambobin USSD na bankuna, *737# ne, *894# ne, *901#, *919#, *966#, har su gano inda kake ajiya. Ko kuma a yi wa layinka welkom bak, wato a karɓo sabon sim da lambarka, ba da saninka ba, kawai kaga sabis ya ɗauke ka ɗauka netwok ne. Tunda aka fara haɗa layi da NIN a ƙarshen 2020 yin hakan ya ƙara wuya, amma ni dai bana barin layina ya yi awa biyu ba sabis ban bincika ba. In a kan OTP ta tes zaka tsaya, ka saka wa sim ɗin kansa fin, kyauta ne, yana cikin saitin waya. Ka dai kula, in ka yi kuskure sau 3 sai ya nemi PUK, wanda ke jikin katin da ka ɓalle sim ɗin, in ka yi kuskuren PUK sau 10 layin ya mutu sai ofis. Wlh mutum nawa suka zo shagona da wannan matsalar sun yar da katin tun ranar da suka sayi layi.

Sai tokin na manhaja, wanda kake saukewa a babbar waya, shi yake ƙirƙiro lambar da kansa, tana canzawa cikin daƙiƙu kaɗan, ba ruwansa da layi. Wannan ya fi tes nesa ba kusa ba ta wajen satar sim, kuma ba ka zaman jiran saƙon da sai ya ga dama zai shigo kana tsaye gaban mai kaya yana hararanka. Inda yake da rauni shine yana zaune a waya ɗaya da manhajar bankin, da imel ɗinka, da layinka, wato ka tara ƙwanka duka a kwando ɗaya ka rataya a aljihun gaba. In wayarka tana da makulli mai kyau, yatsa ko lamba shida da ba shekarar haihuwarka ba, toh da sauƙi. In kuwa irin wayar nan ce da yara ke kallon bidiyo, madam ta san lambar, yaron shago ya sani, kar ka yaudari kanka. Kuma duk ranar da ka canza waya sai an sake kunna maka shi, wani bankin sai ka je da ƙafarka.

Tokin na hannu kuma, ɗan ƙaramin abun nan kamar na maƙale makulli da kake dannawa lamba ta fito, a banki ake saya, za su cire kuɗinsa a akawun ɗinka, farashin ya danganta da banki so ka tambaya kafin ka cike fom. Ni shi na fi yarda da shi ga mai juya kuɗi masu nauyi, saboda baya shiga intanet, ba linkin da zai kama shi, ba welkom bak ɗin da zai taɓa shi, kuma kana iya barinsa a durowa a gida. Amma yana da nasa ciwon kai, kowane banki da nasa, in kana da uku sai ka zama kamar mai gadi da tarin makullai, batirinsa in ya ƙare bayan wasu shekaru sabo zaka karɓa, in ka manta shi a Jos kana Abuja ciniki ya faɗo sai dai ka yi kallo. Sannan abin da masu tallarsa basa faɗa, da Yaya yana da shi ranar nan kuma matar nan tace danna ka karanto min, da haka ɗin dai za a yi. Tokin baya rufe baki.

Abin da ni nake yi, kuma shi nake ba abokan kasuwa shawara, shine layi na daban da ƙaramar waya. Ka sayi sabon sim da NIN ɗinka, ka je banki a mayar da alat da OTP kansa, ka saka a 'yar waya mai madannai wadda ba WhatsApp ba Facebook, kar ka ba kowa lambar, kar ka manna ta a allon shago. Duk wanda ya kira ka a layin da kowa ya sani yace daga banki yake, ka riga ka san ƙarya ce tun kafin ya gama sallama, wannan kaɗai ya biya kuɗin wayar. Sai dai ka rinƙa saka mata kati kana ɗan kira lokaci-lokaci, domin layin da ya yi watanni a kwance kamfani na iya sake sayar da shi, kaga OTP ɗinka ya koma hannun baƙo kenan. Wannan ba wasa bane.

Sannan akawun biyu. Tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 kusan kowa a kasuwa ya buɗe OPay ko PalmPay ko Moniepoint, toh ka mayar da irin wannan aljihun cefane, kuɗin kwana biyu uku kawai, shi zaka ba kwastoma, shi zaka kai wa mai POS. Jarin kuma ya zauna a wani akawun da ba ka yawo da katinsa, ka sa a kashe masa USSD in baka buƙata, ka rage limit ɗin transfa na rana zuwa abin da kake turawa da gaske. Limit ɗin nan mutane na raina shi, alhali shine yake sa ɓarawo ya ɗebi kwano ɗaya maimakon buhu.

Manhajojin antibairos da ake tallatawa a waya kuwa ni ban ga abin kashe kuɗi ba, gara ka kunna matakin tsaro na biyu a Gmail ɗinka, kyauta, tunda ta imel ake canza fasiwod ɗin abubuwa da yawa, kuma ka daina amfani da fasiwod ɗaya a banki da Facebook da wajen kallon ƙwallo.

Wani zai ce ai akwai inshorar NDIC, hukumar da ke inshorar kuɗin da aka ajiye a banki. Eh akwai, a 2024 ma an ɗaga ta zuwa naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankunan kasuwanci, amma ta bankin da ya durƙushe ce kamar yadda aka yi da bankin Heritage a shekarar, ba ta wanda aka yaudara ya karanta lamba ba. Mu dai mun rubuta ƙorafi a bankin, ƙa'ida ita ce in suka yi sati biyu basu warware ba ka kai sashen kare haƙƙin kwastoma na CBN, mun kai, an samu an tsare wani ɗan abu da bai riga ya fita daga akawun ɗin da aka tura ba, sauran har yau shiru. Da mun rufe akawun ɗin a mintin farko da abin bai kai haka ba, shi yasa ka nemi lambar rufe akawun ta bankinka tun yanzu, misali Access *901*911# ne, Zenith *966*911#, kuma ana iya dannawa daga wayar wani. Ka rubuta a takarda, ba a cikin wayar da za a sace ba.

In cinikinka ƙarami ne, fin a sim da akawun biyu sun ishe ka. In kana riƙe kuɗin mutane irin Yaya, ka haɗa layi na daban da tokin na hannu, ka jure wahalar. Shi yanzu tokin ɗinsa na wajen uwargida a cikin kwalla, in zai biya manoma sai ya koma gida, yana mita kullum wai an mayar da shi yaro, ita kuma tace masa Alhaji ai ko shugaban bankin ne ya kira sai ya fara biyowa ta kanta.