Takarda, Google Forms ko Kobo: da wanne za ka ji ta bakin masu saye?

Bara waccan na yi niyyar fara ƙulla garin kunun gyaɗa a leda ina kai wa masu shaguna a cikin garin Bauchi. Kafin in zuba kuɗi a injin niƙa sai na ce bari in ji ta bakin masu saye tukuna. Na buga takardar tambayoyi 200, na damƙa wa wasu samari uku da aka haɗa ni da su, na ba su rabin kuɗin aiki. Kwana biyu suka dawo da takardu cif, babu gurbin da aka bari. Har na mai na ƙara musu don murna. Sai da na zauna shigar da amsoshin a kwamfuta na ga wata tsohuwa a Jahun da wani ɗalibi a Yelwa sun ba da amsa iri ɗaya sak, har kuskuren rubutun ɗaya ne. Da na ritsa ƙaraminsu, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Yallaɓai, a yi haƙuri, rana ce ta yi yawa." Ashe a gindin darbejiya aka cike su.

Tun daga ranar, duk hanyar tattara bayanai da aka kawo mini, abin da nake fara tambaya shi ne: za ta nuna mini cewa da gaske an je, an kuma tambayi mutum?

Amma kafin a kai ga zaɓen kayan aiki, sai ka san me kake aunawa. Wani abu rukuni ne, kamar unguwa ko sana'a. Wani ƙirgawa ake yi, kamar leda nawa aka saya. Wani kuma awo ne, kamar kilo ko lita. Kowanne sai ka yanke masa ma'ana guda. "Kana yawan sayen garin kunu?" ba tambaya ba ce, domin yawan wani ƙarancin wani ne. Ka ce, "Sau nawa aka sayi garin kunu a gidan nan cikin kwana bakwai da suka wuce?" Idan da mudu za a ba ka amsa, ka tsayar da wane mudu, a shafe ko da tozo. Batun samu kuwa, kowa ya san Bahaushe ba ya faɗin abin da ke aljihunsa ga baƙo. Gara ka tambayi abin da aka kashe a cefanen jiya.

Sai samfur, wato mutanen da za ka tambaya a madadin sauran. Je ka Kasuwar Muda Lawal ka kalli mai sayen wake. Ba ya yarda da na saman buhu, sai ya sa an zaro masa daga tsakiya da gindi, don ya san inda ake ɓoye mai ƙwari. Wanda ya tsaya bakin ƙofar Kasuwar Wunti yana tare duk wanda ya yi masa fara'a, saman buhu ya duba. Abin da ya dace shi ne ka nemi jerin shaguna wajen shugabannin kasuwa. A ce 400 ne. Lissafin nan na fitar da yawan samfur, na masanin ƙididdiga Taro Yamane, da ɗalibanmu suka haddace, idan ka yarda da kuskuren kashi 5 cikin 100, zai ba ka shaguna 200 da za ka tambaya. Sai ka jefa kwabo don sanin ko daga shago na farko za ka fara ko na biyu, ka riƙa tsallake ɗaya. Komai yawan jama'a, wannan lissafi ba ya wuce 400, kuma yawa ba ya gyara mummunan zaɓe. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardun jin ra'ayi kan zaɓen shugaban ƙasa wajen miliyan 10, fiye da miliyan 2 suka dawo, ta ce Alf Landon zai kayar da Roosevelt. Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Yawancin sunayen daga kundin masu tarho da masu mota ta kwaso su, a lokacin da talaka ba shi da ko ɗaya.

To, ga kayan aikin. Takarda da biro ba sa buƙatar caji, iyakar alherinsu ke nan a wurina. Google Forms, wato fom ɗin tambayoyi da ake cikewa ta intanet, kyauta ne kuma cikin rabin awa ka haɗa, sai dai ba ya aiki sai da intanet, kuma in ka watsa shi a zaurukan WhatsApp, abokanka masu data ne za su amsa, ba matan da ke dama kunu da asuba ba. Kiran waya kuwa, da an ji baƙuwar murya tana tambayar kuɗi an ɗauke ka ɗan damfara.

Ni dai KoboToolbox nake so, ba na ɓoyewa. A cibiyar ayyukan jinƙai ta Jami'ar Harvard aka raine shi, don masu aiki a wuraren da babu wuta babu sabis, shi ya sa ya dace da mu. Za ka tsara tambayoyinka a kwamfuta, da Hausa in ka so, yaranka su sauke manhajar KoboCollect a wayar Android. Ko a ƙauyen da sabis bai kai ba za su cike, amsoshin su zauna a waya har a dawo gari a tura. Kana iya hana shi karɓar shirme: ka ce shekaru kada su gaza 18, in an rubuta 7 ya ƙi wucewa. Wanda ya ce ba ya shan kunu, manhajar da kanta za ta tsallake masa tambayoyin farashi. A ƙarshe ka sauke komai a Excel, babu zaman shigarwa da hannu. Abin da ya fi kwanta mini shi ne tana rubuta lokacin da aka buɗe fom da lokacin da aka rufe, kuma in ka sa tambayar GPS za ta ɗauki wurin da ake tsaye, ko babu data. Akwai tsarin kyauta da ya ishi ƙaramin ɗan kasuwa. Wahalarsa biyu: koyon tsara fom zai ci maka yini ɗaya ko biyu, kuma wayar da batirinta ya gaji za ta kunyata ka tsakar rana.

Kada dai ka ɗauka manhaja ta kashe ha'inci. Mai son zuciya zai zauna a teburin mai shayi ya cike fom 30 a waya kamar yadda zai cike a takarda. Bambancin shi ne yanzu zai bar sawu, in kana dubawa. Kowace yamma ka buɗe taswirar da Kobo ke nuna wuraren da aka cike fom: ɗigo 30 a wuri guda, ka san an yi zaman shayi. Hirar da ta kamata ta ci minti goma sha biyar aka gama ta a minti biyu, ajiye ta gefe. Fom da aka buɗe ƙarfe ɗayan dare, wa aka tambaya? Ka sa a karɓi lambar wayar duk wanda ya yarda, ka zaɓi ɗaya cikin goma ka kira da kanka: "Hajiya, barka da yini, ko jiya wata yarinya ta zo ta yi miki tambayoyi kan garin kunu?" Ka kuma sanar da ma'aikatan tun ranar farko cewa za ka yi hakan. Kada ka biya bisa yawan fom zalla, nan na faɗa rami. Biya na yini, ka riƙe wani kaso sai an tantance.

Ka yi hattara kuma da masu cewa kawo kuɗi su ba ka "bayanai a shirye" na kasuwar Bauchi, da masu shagunan kwamfuta da ke tambayarka sakamakon da kake so kafin su fara lissafi. Duk wanda ya kawo maka zane mai launi ba tare da ainihin amsoshin layi-layi ba, da bayanin yadda ya zaɓi mutanen, kada ka ba shi ko sisi.

Abu ɗaya da babu manhajar da za ta yi maka: in kayanka na cikin gida ne, ɗauki mata aikin. Namiji iyakarsa zaure, maigida zai fito ya amsa masa da ka, alhali uwargida ce ta san ko leda nawa ke ƙarewa a mako.