Reef-Roids da murjanin da ba ya cin haske: wa yake ƙosarwa, wa yake bari da yunwa

Yawancin murjanin da ake kiwo a tankin ruwan gishiri suna ɗauke da wata ƙaramar gansakuka a cikin tsokarsu, wadda ke haɗa musu abinci daga haske. Akwai wasu kuma da ba su da ita ko kaɗan: Tubastraea mai ruwan lemo da ake kira murjanin rana, ɗan'uwansa Dendrophyllia, masu rassa irin su Menella, Swiftia da Diodogorgia, jan murjanin barkono Nephthyigorgia, sai Dendronephthya mai kama da farin kabeji da aka rina. Waɗannan komai ƙarfin fitilar da ka ɗora musu ba ta ƙara musu komai. Abin da ya shiga bakinsu shi ne nasu.

Reef-Roids na kamfanin Polyp Lab na cikin abincin da masu shago ke fara miƙo wa wanda ya sayi irin wannan murjani. Gari ne busasshe mai launin ƙasa-ƙasa, an yi shi da ƙananan halittun da ke yawo a ruwan teku, yana da ƙarni irin na garin busasshen kifi. Kamfanin ya ce girman ƙwayarsa maikuron 150 zuwa 200 ne (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), kuma tun asali don Goniopora aka haɗa shi, wanda shi murjani ne mai cin haske. Wannan adadi na maikuron shi ne ke yanke hukunci a kan komai, domin kowane murjani da girman bakinsa.

Inda garin ya fi yin rana shi ne wajen masu rassa da ke da ɗan girman baki, da murjanin barkono. Ƙwayar ta yi daidai da abin da yatsun bakinsu ke iya riƙewa. Idan ka dama shi ruwa-ruwa kamar koko ka zuba a gaban famfon igiya, wato mai kaɗa ruwa a cikin tanki, ka matso da ido kusa da gilashi, za ka ga farin bakin Diodogorgia mai yatsu takwas ya cafke ƙwaya, yatsa ɗaya ya lanƙwasa ciki, bakin ya tsuke na ɗan lokaci sannan ya sake buɗewa. Wannan tsukewa ita ce shaidar an ci. Baki ya buɗe kawai bai nuna komai ba, ƙamshi ma yana sa shi buɗewa.

Ga murjanin rana kuwa, garin ya yi ƙanƙanta. Kowane kai na Tubastraea baki ne mai zaman kansa, faɗinsa ya kai santimita guda ko fiye, yana haɗiye ƙaramin jatan landen da ake kira mysis sukutum. Watsa masa gari a ruwa kamar a yayyafa wa ƙato tsakin gero ne. Amfanin Reef-Roids a nan iri biyu ne. Na farko, kiran cin abinci: ɗan ruwan garin da aka fesa a kan murjanin yana sa kawunan su kumbura su fito da yatsu cikin minti goma zuwa ashirin, kuma idan ana yin haka a lokaci guda kullum, wanda ya saba buɗewa sai da dare zai koyi buɗewa fitila na kunne. Na biyu, a dama shi da kauri kamar kunun gyaɗa, a cuɗa da mysis ɗin da aka narkar aka tsane, a zuƙa da sirinji mai dogon bututu, a ɗora wa kowane kai nasa. Sau uku a mako shi ne mafi ƙaranci. Kan da ake yawan tsallakewa, musamman na ƙasa da na bayan dutse, shi ke fara ramewa: tsokar da ke tsakanin kawuna ta janye, farin ƙashi ya bayyana, gansakuka ta hau kai, daga nan dawo da shi sai an sha wuya.

Kifi da jatan landen tanki ɓarayi ne, har cikin bakin murjani suke zaro abinci. A yanke gindin gorar ruwa ta roba, a kifa a kan murjanin, a tura abincin ta bakin gorar, a bar ta minti goma sha biyar. Idan murjanin ba a manne yake da dutse ba, ana iya ɗauke shi cikin kwano da ruwan tankin a ciyar da shi a can, a zubar da ruwan kwanon. Wannan hanya ta fi kowace tsafta.

Dendronephthya kuwa, kada wani mai shago ya ce maka wannan gari zai riƙe shi. Binciken da Katharina Fabricius da abokan aikinta suka yi a Bahar Maliya, wanda ya fito a 1995, ya nuna cewa babban abincinsa ƙananan tsirran ruwa ne masu yawo, waɗanda ido ba ya gani. Cikin irin waɗannan tsirrai, Nannochloropsis maikuron 2 zuwa 4 ne, Tetraselmis wajen 10. Ƙwayar Reef-Roids ta ninka su sau da yawa. Sannan yana son abincin ya riƙa wucewa ta kansa dare da rana cikin ruwa mai gudu sosai. Ko da abincin ruwa irin Shellfish Diet 1800 da ake ɗigawa daga firji da famfo, yawancinsu saɓewa suke yi su narke cikin 'yan watanni. Gara a bar shi a teku.

Sai batun ma'auni, inda aka fi yin kuskure. Umarnin kamfanin shi ne cokalin shayi ɗaya ga galan 100, wato wajen lita 380, sau biyu a mako. An tsara wannan ne don murjanin da haske ke ciyarwa, garin ƙari ne kawai a gare su. Mai rassa da ba ya cin haske ba ya jure kwana uku ba abinci sannan a cika masa ruwa da gari a rana guda. Abin da zai kama cikin rabin awa ƙalilan ne, sauran ya ruɓe. A ɗauki tanki mai lita 200: bisa umarnin, rabin cokali ne sau biyu, cokali ɗaya ke nan a mako. A raba shi, kashi ɗaya cikin bakwai na cokali kowace rana, in da hali rabi da safe rabi bayan an kashe fitila, lokacin da murjanin barkono ke buɗewa. A tsaya a haka mako biyu ana awon ruwa kafin a ƙara.

Kafin a zuba, a kashe famfon da ke dawo da ruwa daga tankin ƙasa inda ake tace ruwa, a kashe na'urar kumfa mai cire dattin ruwa, a cire safar tace ruwa. Safar nan ramukanta maikuron 100 ko 200 ne, daidai girman abincin, don haka idan tana nan ita kake ciyarwa. Famfon igiya a bar shi yana aiki idan watsawa za a yi, a kashe shi idan da sirinji za a ɗora. Bayan minti ashirin zuwa talatin a kunna komai. A sa ƙararrawar waya, domin na'urar kumfa da aka manta a kashe har safe tana rage iskar da ke cikin ruwa, kuma ruwa mai ɗumi dama iskarsa kaɗan ce.

Babban aibin Reef-Roids shi ne fosfet, sinadarin da ke taruwa a ruwa daga ragowar abinci, wanda gansakuka ke haɓaka da shi. Yana ɗaga shi da sauri, kuma mai ciyarwa kullum zai gani a awo tun makon farko. Sakamakon ba ɓoyayye ba ne: jan yauƙi a kan yashi, koren gashi a kan dutse, sannan abin da ya fi muni, gansakuka ta kama reshen murjani, tsokar ta saluɓe ta bar baƙin kara tsirara. Shi ya sa masu rassa ke son wuri mai inuwa da ruwa mai gudu. A riƙa awon fosfet sau biyu a mako da farko, a yi ƙoƙarin riƙe shi ƙasa da miligiram 0.1 a lita, naitiret kuma, wani sinadarin dattin ruwa, ƙasa da miligiram 20 a lita. Canjin ruwa kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari kowane mako ya zama dole, da na'urar kumfa da ta fi ƙarfin tankin. Idan za a sa garin GFO mai zuƙe fosfet, a fara da rabin abin da aka rubuta, saukar da shi farat ɗaya ma yana wahalar da murjani. Kada kuma hankali ya tafi kan abinci a manta Tubastraea mai ƙashi ne: yana buƙatar kalsiyam miligiram 400 zuwa 450 a lita, alkalin 7 zuwa 9 a ma'aunin dKH, gishiri 1.025 a ma'aunin nauyin ruwa, zafin ruwa digiri 24 zuwa 26.

Garin ba ya tafiya a famfon ɗiga abinci. Yana kwantawa a gindin kwalba, ya toshe siririn bututu, wanda aka dama kuma ya fara wari cikin 'yan sa'o'i. Abin da ya rage a kofi a zubar. Don haka wanda ke yawan tafiya, ko wanda murjaninsa ke son abinci a kai a kai, sai ya nemi abincin ruwa kamar Oyster-Feast ko Roti-Feast da ƙaramin firji.

A ɗaya ɓangaren, busasshen garin na da wata fa'ida ga mai kiwo a Kano ko Abuja: ɗauke wuta ba ta lalata shi, alhali kwalbar abincin ruwa ko mysis mai ƙanƙara na iya lalacewa a kwana guda. Abokin gabarsa laima ne. Da damina yana dunƙulewa idan aka bar murfin a sake, kuma jiƙaƙƙen cokali guda da aka tsoma ya isa ya ɓata gwangwanin. A ware masa busasshen cokali, a ɗebi na mako guda a ƙaramar roba, a rufe sauran da kyau nesa da tururin tanki.