WSL, VirtualBox ko Wubi: wanne ya fi dacewa da mai son kunna Linux daga cikin Windows?

Wani ɗan'uwanmu daga unguwar Nima a nan Accra ya yi tambaya. Ya sayi laftof ta hannu ƙirar HP a kasuwar Circle, Core i5, RAM giga 8, da Windows 10 a kanta. Yana son koyon Linux, wadda ita ma babbar manhajar kwamfuta ce kamar Windows, ba tare da ya goge Windows ba, domin duk aikinsa yana can. Wani ya ce masa ya nemi Wubi, wani ya ce VirtualBox, wani kuma WSL. Wanne zai ɗauka?

Malam, in umarnin Linux kake son iyawa, ko rubuta manhaja, WSL ne naka. In kuwa so kake ka ga Linux sukutum da allonta da tagoginta, ka ɓata ka gyara ba fargaba, to VirtualBox. Wubi dai ka cire shi daga lissafi.

Wubi ya shigo cikin Ubuntu, ɗaya daga cikin ire-iren Linux, a 2008, aka daina sa shi a 2013. Ba ma daga cikin Windows yake kunna Linux ba, ɗora ta kawai yake yi daga can. Sai ka sake tayar da kwamfuta ka zaɓi Ubuntu. Yana zuba Linux ɗin gaba ɗaya cikin fayil guda mai suna root.disk, a jakar C:\ubuntu\disks. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, fayil ɗin na iya lalacewa, wani lokaci ma Windows in ta zo gyaran faifai ta kwashe shi ta jefa a ɓoyayyiyar jaka mai suna found.000, mutum ya wayi gari Ubuntu ta ƙi tashi. Wanda ya san dumsor, wato yawan ɗaukewar wuta a Gana, ya kuma san yadda batirin laftof ta hannu yake mutuwa da zarar an zare caja, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ga shi kuma Wubi na asali bai san UEFI ba, sabon tsarin tayar da kwamfuta, wanda kwamfutoci suke zuwa da shi tun zamanin Windows 8.

Kafin sauran biyun, akwai abin da ba makawa. Buɗe Task Manager, shiga Performance, danna CPU, ka duba layin da aka rubuta Virtualization, wato damar tafiyar da wata kwamfutar gaibu a cikin taka. In ka ga Enabled, madalla. In Disabled ne, sake tayar da laftof ɗin kana danna F10 tunda HP ce, don shiga saitin na'urar da ake kira BIOS. A Dell F2 ne, a ThinkPad F1. Nemo Virtualization Technology ko VT-x ka kunna, ka adana. In ka tsallake wannan, WSL zai tsaya da lambar kuskure 0x80370102, ita kuma VirtualBox ta ce maka VT-x a kashe yake. Mutane da yawa nan suke tuntuɓe, su ɗora wa laftof laifin tsufa alhali maɓalli ɗaya ne ba a kunna ba.

WSL na Microsoft ne. Na farkon ya fito a 2016, na biyun ya iso hannun jama'a a 2020, kuma shi na biyun ainihin zuciyar Linux yake tafiyarwa a cikin wata ƙaramar kwamfutar gaibu da Windows ke kula da ita. Ɗora shi layi ɗaya ne: buɗe PowerShell a matsayin mai gudanarwa, rubuta wsl --install, ka sake tayar da kwamfuta, ka zaɓi suna da kalmar sirri. Ubuntu yake kawowa in ba ka ce wata ba. Sharaɗin shi ne Windows 10 ɗinka ta kai fitowar da ake kira 2004. Rubuta winver ka gani. WSL yana buɗewa cikin daƙiƙu kaɗan, baƙin allo da wurin rubuta umarni, shi ke nan.

Halayensa uku ya kamata ka sani. Yana da damar cin RAM har rabin abin da kake da shi, wato giga 4 a wurinka, za ka gan shi a Task Manager da sunan Vmmem. In ya matsa wa Windows, ƙirƙiri fayil mai suna .wslconfig a jakar sunanka, layin farko [wsl2], na biyu memory=3GB, sannan ka rubuta wsl --shutdown. Na biyu, aiki a kan fayilolin Windows ta hanyar /mnt/c yana da nauyi ƙwarai. Ajiye ayyukanka a cikin gidan Linux ɗin kansa, bambancin saurin a bayyane yake. Na uku, shi ma duk kayansa cikin fayil guda suke, ext4.vhdx, wanda yake kumbura in ka zuba kaya amma ba ya saɓewa da kansa in ka goge. Don haka ka riƙa kwafe shi da wsl --export zuwa filasha. Kuma kada wani ya ba ka umarnin wsl --unregister a matsayin gyara: share komai yake yi, ba ya tambaya.

VirtualBox ta Oracle ce, kyauta ce, kuma cikakkiyar kwamfuta take gina maka a cikin taga. Nan data take shigowa lissafi. Sai ka sauke fayil ɗin ISO, wanda da shi ake ɗora Linux. Na Ubuntu 24.04 ya kusa giga 6, na Linux Mint Xfce, wata irin Linux ɗin, bai kai giga 3 ba, kuma ya fi sauƙi a kan tsohuwar na'ura. Mu dai Mint za mu ce ka sauke, ko ka kwafa a wurin wanda ya riga ya sauke. Ba kwamfutar gaibun RAM giga 3 zuwa 4, furosesa 2, faifai giga 25 irin mai girma a hankali. Kada ka wuce rabin RAM, don Windows da Linux tukunya ɗaya suke ci. In ka cika wa baƙo kwano, mai gida ne zai kwana da yunwa, komai ya tsaya cak. Bayan ka gama ɗorawa, sa Guest Additions, ƙarin manhajar VirtualBox da ake sawa a cikin Linux ɗin, in ba haka ba allon zai maƙale a ɗan ƙarami, kwafa da liƙawa tsakanin ɓangarorin biyu ma ba za su yi ba.

Inda VirtualBox ta fi WSL shi ne Snapshot, wato adana hoton halin da kwamfutar gaibun take ciki. Ka ɗauka kafin ka taɓa wani abu mai haɗari, in ya ɓaci ka koma baya cikin minti ɗaya. Ga mai koyon raba faifai, ko saita uwar garke, ko haɗa kwamfutocin gaibu biyu su yi magana da juna, wannan kaɗai ya isa dalili. Filasha da sauran kayan USB ma miƙa su ga Linux ya fi sauƙi a nan. A WSL sai ka ƙara wata manhaja mai suna usbipd-win. Inda ta gaza shi ne nauyi. In faifan laftof ɗinka tsohon mai juyawa ne ba SSD ba, za ka sha jira.

Sai abin da ba a cika faɗa wa mutane ba: su biyun ba sa jituwa sosai. WSL na biyu yana kunna Hyper-V, ɓangaren Windows mai tafiyar da kwamfutocin gaibu, shi kuma ya riƙe VT-x, sai VirtualBox ta koma bi ta hannunsa. Alamar ita ce ɗan koren kunkuru a ƙasan tagar, kuma tafiyar ta kunkurun ce. Maganin shi ne rubuta umarnin bcdedit /set hypervisorlaunchtype off da sake tayar da kwamfuta, amma WSL zai daina aiki har sai ka mayar da off zuwa auto. Saboda haka zaɓi ɗaya ka zauna a kai.

Ga masu RAM giga 4 da ke karanta wannan, VirtualBox wahala ce kawai. Ko WSL, ko ku ƙona Mint a filasha: riƙe Shift ku danna Restart, ku zaɓi Use a device, kwamfuta za ta tashi daga filashar ba tare da an taɓa Windows ba. In daga baya kun yanke shawarar ɗora Windows da Linux kafaɗa da kafaɗa, ku kashe Fast Startup, saitin saurin tashi na Windows, ku rubuta lambar ceto ta BitLocker, makullin faifai na Windows, a takarda in yana kunne. Rikicin agogo da masu wannan tsarin ke kuka da shi a Kano ko Yamai, inda lokaci ke gocewa da awa ɗaya, ba ya samun mu a nan, domin agogon Gana daidai yake da GMT.

Kai kuma Malam, fara da WSL a wannan makon. Ka tuna Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na gama-gari ranar 14 ga Oktoba, 2025, don haka duba ko furosesarka ta kai ƙarni na 8 da Windows 11 ke nema. In ba ta kai ba, nan gaba Mint ɗin ce za ta zama babbar manhajar laftof ɗin.