Strava: Manhajar 'Yan Gudu, Daɗinta da Cikas Ɗinta

Strava, wadda ta fito a 2009, tana auna nisa da saurin kowane kilomita ta GPS, amma amfaninta ya fi fitowa a cikin ƙungiya. Ku buɗe kulob, kowa ya ga atisayen ɗan'uwansa ya jinjina masa. Wanda rauni ya dakatar ma yana iya saka tattaki ko tuƙin keke, abokai ba su manta da shi ba.

Sai dai jerin gwanaye, wato jerin waɗanda suka fi sauri da manhajar ke nunawa, kan ruɗi mai murmurewa ya ƙara sauri tun jijiya ba ta warke ba. Gara ya ɓoye gudunsa tukuna. Tsarin tanadin batir na waya kan katse awo a tsakiyar hanya, a kashe shi kafin fita. A kuma ɓoye mafarin taswirar hanyar da aka bi, kada ta tona ƙofar gida.